Binnen Bana

Maficin Teku yana juyi a ƙarƙashin ruwa, gab da birnin Sabuwar Gaɓa, ba dare ba rana. Fukafukansa na ƙarfe suna janyo igiyar ruwa mai sanyi daga can ƙasan teku, su shimfiɗa ta a bakin gaɓa. Birnin ya yi sanyi ƙalau. Mutanensa har rigar sanyi suke sawa da bazara, suna ta yabon kimiyya.

Abin da ba sa son ji shi ne, ruwa mai sanyi ba ya tururi. A da, ɗumin teku ne ke ɗora wa iska laima, ta kai ta arewa ta zama damina. Yanzu iskar tana isa can hannu rabbana.

Injiniya Zinaru, mai kula da injinan tashar Maficin, 'yar arewa ce. Mahaifinta, Malam Tanimu, yana ƙauyen Tsamiyar Dogo yana gadin ɗan irin geron da ya rage masa. Da aka sanar za a kashe Maficin tsawon damina don gyara, farin ciki ya hana ta zama. Ta kira shi.

"Baba, ku yi binne. Teku za ta yi ɗumi, ruwa na tafe."

Binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Caca ce, don in ruwa ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, tsiron ya ƙone ke nan.

"Kin tabbata, Uwata?" in ji shi, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Na tabbata, Baba."

Aka kashe Maficin. Teku ta yi ɗumi, hadari ya haɗu, ruwan fari ya sauka a arewa. Amma Sabuwar Gaɓa ta fara gumi, su kuwa mutanen nan sun manta da gumi. Kafin wata ya ƙare, sun cika tituna da zanga-zanga. Majalisar birni ta ce a dakatar da gyara, a kunna.

"Yallaɓai, a arewa an riga an shuka," ta gaya wa shugaban tashar.

"Na sani, Zinaru. Amma ba su suka gina shi ba."

Tana tsaye a ɗakin sarrafawa daɓen ya fara girgiza ƙarƙashin ƙafarta, an kunna Maficin. Sai ga kiran bidiyo daga Baba. Ya karkata wayar ta ga gona, tsiro kore shar, layi-layi har iya ganinta. Tunda take ba ta taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba.

"Kin gani, Uwata? Ya fito! Yaushe na biyu zai sauka?"

"Baba, akwai sauran iri a rumbu?"

Ya yi dariya. "Wane iri kuma? Duk mun zuba. Har ƙauyukan da ke kewaye na bi gida-gida, na ce kowa ya shuka, 'yata ce ta faɗa."