Tauraro a Cikin Ƙwarya

Kuskuren Sahabi ɗaya ne: a cikin ƙwaryar ya zana hatimin, ba a bayanta ba.

Rakiya na durƙushe a bakin ruga tana wanke ta, sai Hamidu ɗan kawunta ya fizge. Ya ɗaga ta sama, rana ta haska tauraro mai kusurwa shida da aka ƙona a ƙasanta.

"Baffa! Zaka ka gani! Rubutu muke sha ba mu sani ba!"

Rakiya ta miƙe tsaye. Kowa ya san rubutu wanke shi ake yi a sha, ga shi tun farkon damina a wannan ƙwarya ake tatsa. Maruƙa na ta mutuwa. Inna, mahaifiyarta, na kwance da masassara. Shi kuwa Hamidu ya daɗe yana son Rakiya, ita ko tarinsa ba ta son ji.

"Wa ya ba ki?" in ji Bawa, mahaifinta.

"Sahabi... mai zanen ƙwarya na Kucheri. A kasuwar Tsafe ya ba ni toshi. Baffa, ado ne kawai!"

"Ado? Na amince mai da ke, shi saka min da asiri?"

Aka aika a kira Sahabi da kayan aikinsa, aka kuma ɗauko Malam Attahiru daga Wonaka. Kafin su iso Rakiya ta shiga bukka ta fito ba adadi. Ko numfashin Inna ya sauya sai ta ji kamar ita ta kashe ta.

Sahabi na zuwa ta tare shi bayan garke.

"Masoyina, gaya min gaskiya... mi ka sa a ciki?"

"Wallahi, hasken idona, a wata tsohuwar layar kakana na gan shi. Ya yi min kyau, na ce sai ke. Ban san baƙi ba, balle ma'ana."

"To don mi a ciki?"

"Don in kin ƙare nono ki gan shi, ki tuna ni."

Ta so ta mare shi. Kuka ta yi.

Malam ya juya ƙwaryar a hannu.

"Wanga hatimin Annabi Sulaimanu ne," ya ce. "Ga tsini ɗaya na kallon sama, ga ɗaya na kallon ƙasa, sun sarƙe. Magabata sun ce da shi ake kulle aljannu. Amma ku duba nan. Layi bai haɗe ba. Ya bar ƙofa."

Mata suka ja da baya suna salati.

"Shi ya kashe min maruƙa?"

"Ban ce ba, Bawa. Na ce ƙofa a buɗe take. Hannun da ya buɗe shi ka rufe ta."

Aka hura wuta. Hamidu ya karɓi wuƙar zanen, wai zai taimaka, ya cusa ta cikin garwashi har ƙota. Kafin a ankara ƙotar ta cinye, sai ƙarfe tsirara, ja wur.

"To, ga ta nan," ya ce yana murmushi. "In ba boka ba ne, shi ɗauka. In ya ƙi, gobe gaban alƙali, a kore shi daga ƙasar Tsafe."

Bawa bai hana ba.

"Sahabi, kar ka taɓa!" Rakiya ta yi ihu. "Na haƙura da kai! Na rantse na haƙura... tahi abinka!"

Ya dube ta. Shi ma tsoro ne fal a idonsa.

"In na tahi, wa za a ba ke?"

Ta dubi Hamidu. Kowa ya sani.

Sahabi ya yi bismilla ya damƙi ƙarfen.

Ƙauri ya tashi. Rakiya ta toshe baki da zane. Ba ta ji ya yi ƙara ba, haƙoransa kawai ta ji suna haɗuwa. Ya ja layin a hankali har ya haɗe da ɗan'uwansa, sannan ya faɗi. Sai da Malam ya ɓamɓare ƙarfen daga tafinsa.

Bawa ya juya kan Hamidu.

"Kwashe shanunka. Kar in sake ganin ka rugata."

Inna ta tashi bayan 'yan kwanaki. Maruƙan kuwa ba su daina mutuwa ba sai da ruwa ya ɗauke, haka ma a rugagen da ba su taɓa ganin ƙwaryar ba. Babu wanda ya tayar da zancen.

Da kaka aka ɗaura aure, aka kai Rakiya Kucheri. Yatsun daman Sahabi sun warke a dunƙule, kamar ƙafar kaza. Bai sake riƙe wuƙar zane ba. Har ya mutu, Rakiya ce ke yanka masa lomar tuwo in ba baƙo a gidan, in kuwa da baƙo sai ya ce ya ƙoshi.