Kundin Rosaura Ticona

A wata jami'a da ke birnin Arequipa kowa ya riga ya yanke hukunci: Doña Hermelinda Paucar, shugabar ɗakin karatu, ita ta sayar wa Turawa kundin digirin da ya ɓata. Wai dama wa ya aike ta ɗaukar hoton tsofaffin kundaye tana zubawa a intanet? Aka dakatar da ita daga aiki, ana dab da ritayarta.

Sufeton 'yan sanda Teodora Condori ba ta ga yadda mutum zai sayar da abin da yake shirin rabawa kyauta ba. Ta sa aka kira mata matar.

"Kundin wa ne?"

"Na Rosaura Ticona, ranki ya daɗe, a kan irin dankalin mutanen yankin Colca. Ta daɗe da rasuwa."

"Wannan fa?" Sufeto ta nuna wani koren bango a kan tebur.

"Nasa ne. Na'urarmu ta ɗaukar hoto ba ta cin littafi a ɗinke. In masu haƙƙi suka ba da izini, sai mu yanke bangon, mu ɗaure takardun da jan zare. Ranar Juma'a na yanke, Litinin babu su."

"Wa ya ba da izinin?"

"Ƙanin marigayiyar, Fermín."

Fermín gyaran takalma yake yi a bakin kasuwa. Da Sufeto ta same shi, bai ajiye allurarsa ba.

"Wa ka gaya wa za a sa kundin a intanet?"

"Ba kowa."

"Don Fermín, ko matarka?"

Ya yi dariya. "Ita ai in ta ji, gari ya ji." Ya soka allura a takalmin. "To, na je wajen malamin Rosaura, Farfesa Valdivia, neman shawara. Ya ce kada in yarda, sacewa za a yi. Ya kuma roƙe ni kada in ambaci sunansa. Ni dai na ga Rosaura ta sha wahalar abin nan, gara a karanta."

Farfesa Anselmo Valdivia ya karɓi Sufeto da kofi. A bayansa ga littafinsa na dankali da ya yi masa suna, kwafi-kwafi a jere.

"Ka san kundin?"

"Ni na duba shi. Amma rabona da ganinsa tun ina da gashi a ka."

"Kana ganin Doña Hermelinda ce?"

"Ba na son zargi, 'yata. Sai dai wa zai damu da tarin takardu ɗaure da jan zare in ba wanda ya sami mai saye ba?"

Sufeto ta ajiye kofin a hankali.

"Lokacin da kake da gashi, Farfesa, a ɗinke yake cikin bango. Ranar Juma'a aka ɗaura masa zare."

 Farfesa ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardun.

"Ban iya ƙona su ba," in ji shi. "A kan kantar ɗakin karatu ba mai buɗe kundin. Amma a intanet, ɗalibi ya buga jimla ɗaya kawai, shi ke nan."

Ta ɗauko kwafi ɗaya na littafinsa, ta buɗe shafin farko kusa da na kundin, ta karanta su a tsaye. Ko kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Kofur ɗin da ya rako ta ya riƙe wa Farfesa ƙofa, suka sauka tare.

Doña Hermelinda ta koma aiki. Littafin dankalin, daga farko har ƙarshe, Rosaura Ticona ce ta rubuta shi.