Furen Namijin Dabino

"Reshe ɗaya kawai, Tekna... ba wanda zai sani."

Tekna ta ɗora tulunta ba ta ko kalli Agali ba. A kwarin Anu-Mallan, ko akuya ta yi atishawa kowa ya sani.

Tun zamanin kakanni, ƙoramar da ta ratsa kwarin ita ce iyaka tsakanin lambun gidansu da na su Agali. Ba wanda ya taɓa tambayar ƙoramar ko ta yarda. Bara ambaliya ta sauko daga duwatsun Abzin, ruwa ya canja hanya, sai ga dabinon Gaishita, uwar Tekna, a ɓangaren Bazo, uban Agali. Bazo ya ce hukuncin Allah ne, ya kuma karɓe shi hannu bibbiyu.

Itace ɗaya ya rage wa Gaishita, namiji, shi kaɗai a kwarin. Ba ya haihuwa, amma in ba a ɗaura furensa a kan matan ba, ba sa 'ya'ya. Ta rantse ba fure ga Bazo, ba aure tsakanin 'yarta da Agali.

Ga matan sun buɗe, lokaci na wucewa. A al'adarsu kuwa, wanda aka ɗaura fure da sunansa shi ke da amfanin shekara.

"In na sato maka, na sa wa uwata wuƙa," in ji Tekna.

"In suka bushe fa, abar ƙaunata? Baba ba zai ƙara jin sunanki ba."

Washegari da hantsi, mutane cike da lambuna, Tekna ta yanko furen a gaban uwarta. Gaishita ta ce in ta ƙetare ƙoramar kada ta dawo mata tanti. Ta ƙetare.

Ta miƙa wa Agali.

"Hau. Amma ka faɗa da ƙarfi, da sunan Gaishita."

Bazo ya gyara rawaninsa, ya ce ɗan da ya haifa ba zai yi haka ba. Agali ya dubi ubansa, ya dubi hawayen Tekna... sannan ya tuɓe takalmi.

Daga can saman dabinon ya kira sunan Gaishita, har tsallake an ji.

Da kaka aka ɗaura auren. Bazo ya zo fuska a murtuke, ya ci dabino ya ƙoshi, ya ce bai kai na bara zaƙi ba.

Gaishita ta ƙara tura masa kwanon.

"Ci, suruki. Nawa ne."