Gwangwanin Garin Ganye da Lambun Kaka

A wata unguwa da ke bakin garin Birnin Gwari akwai wata yarinya 'yar aji shida a firamare. Tana da ƙoƙari a makaranta, kuma duk abin da ta gani a rubuce sai ta karanta, ko da a jikin ledar burodi ne. Tana zaune da babanta da mamanta, da ƙaninta Ɗalha, da jaririyar ƙanwarsu. Sai kuma Kaka, mahaifiyar babanta.

Kaka mutuniyar Dogon Dawa ce. A can tana da babban lambu a bakin rafi. Shekarar da 'yan bindiga suka hana mutane zuwa gona, sai ta dawo gari wurin ɗanta. Ba ta taho da kayan kirki ba. Amma a bakin zanenta ta ƙullo irin alayyafo da na rama da na yakuwa, waɗanda ta gada daga mahaifiyarta.

Gidan ba shi da fili. Maƙwabta suka ce mata ai sai haƙuri, noma ya ƙare ke nan. Kaka ba ta yi musu da kowa ba. Ta tara tsofaffin buhuna da fasassun bokitai, ta cika su da ƙasa da kashin awaki, ta jera su a lungun bayan ɗaki. Kafin wata biyu lungun ya yi kore shar. Tun daga lokacin ba a ƙara yin miya a gidan babu ɗanyen ganye ba.

Aikin yarinyar shi ne ban ruwa. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta sai ta ɗebo jarka biyu daga rijiyar burtsatse, da yamma ma haka. Rijiyar tana da ɗan nisa, ga layi. Da bazara ta shigo, aikin ya fara isarta.

Wata ranar Asabar sai ga Kawu Shafi'u, ƙanin mamanta, wanda yake tuƙa mota zuwa Kaduna. Ya kawo musu tsarabar wani gwangwani mai sheƙi, cike da koren gari. Ya ce yanzu mutanen birni shi suke damawa a ruwa su sha, wai ganye kala-kala ne aka busar aka niƙa.

Kaka ta buɗe ta sunsuna, ta sa masa albarka, ta ajiye gwangwanin a kan kantar ɗaki. Yarinyar kuwa ta ɗauko ta karanta manyan baƙaƙen da ke gaba. An rubuta cewa cokali ɗaya yana ɗauke da ƙarfin ganye iri talatin. Ta ƙirga na lambun Kaka, har da lalo da karkashi da Kaka ta ƙara daga baya, ta ga iri biyar ne kacal.

Kwana biyu bayan haka aka aiko cewa ƙanwar Kaka ba ta da lafiya a Kusasu. Kafin ta tafi, Kaka ta ja jikarta zuwa lungun. Ta nuna mata buhuna uku na gefe, inda alayyafo ya yi tsawo ya fara fure.

Ta ce, "Ƙawata, ga amanar lambu na bar miki. Waɗannan ukun kada ki tsinka, na bar su ne su yi iri. Su ne na ƙarshe a hannuna."

Yarinyar ta ce, "To, Kaka. Allah ya kiyaye hanya."

Ranar farko ta yi ban ruwa safe da yamma. Rana ta biyu ta yi da safe kawai. A rana ta uku ta tarar da dogon layi a rijiya, rana kuma tana dukan ƙeya. Sai ta tuna da gwangwanin. Ta ce a ranta, me zai sa mutum ya wahala a kan ganye iri biyar, alhali ga iri talatin a kan kantar ɗaki? Ai kuka ma gari ce, kuma ana yin miya da ita. Ta ɗebo ruwan girki kaɗai ta koma gida.

Haka ta yi kwana huɗu ba ta leƙa lungun ba. Mama tana ɗaki da keken ɗinki da jaririya, ba ta san abin da ake ciki ba.

Ranar Lahadi Mama ta ce mata ta tsinko alayyafo ta yi miyar gyaɗa, don ita ɗinki ya yi mata yawa. Yarinyar ta zagaya baya. Ganyen duk ya yi yaushi ya kwanta a bakin buhuna. Wani ma ya bushe, da ta taɓa shi sai ya marmashe.

Maimakon ta faɗa wa Mama, sai ta ɗauko gwangwanin. Ta zuba cokali biyar a tukunya ta juya. Miyar ta yi wani kore mai duhu, tana warin ciyawa.

Ɗalha ya kai loma ɗaya ya ture kwanon, ya ce shi ba zai ci ba, akwai ɗaci. Baba ya ci tuwonsa da man ja da yaji. Ita kuwa, don kada a ce ta yi kuskure, ta daure ta cinye nata tas. Kafin la'asar cikinta ya fara murɗawa, ta yi ta zarya zuwa bayan gida.

Mama ta ajiye ɗinki ta je lungun da kanta. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo ba ta ɗaga murya ba. Ta haɗa wa 'yarta ruwan gishiri da sukari, ta zauna kusa da ita.

Ta ce, "Miya dai gobe ma a yi wata. Amma irin nan daga Dogon Dawa Kaka ta ɗauko shi, kuma kin san yanzu ba ta da halin komawa. Ke za ki gaya mata da bakinki."

Yarinyar ta fashe da kuka. Da yamma, duk da ciwon cikin, ta lallaɓa ta zuba wa buhunan ruwa.

Washegari ta sa gwangwanin a jaka ta tafi makaranta. Lokacin hutun tara ta je wurin Malama Helen, malamar kimiyya, ta ba ta labari tun daga farko. Malama ta saurare ta har ta gama. Sannan ta juya gwangwanin, ta nuna mata wasu ƙananan baƙaƙe a can ƙasa, ta ce ta karanta.

An rubuta cewa garin ƙari ne kawai, ba ya maye gurbin abinci. An kuma ce kada a wuce cokali ɗaya a rana, kuma yara da masu shayarwa su tambayi likita tukuna. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ita da take karanta komai, ashe manyan baƙaƙen kaɗai ta karanta.

Malama Helen ta fita ta tsinko ganyen zogale daga bishiyar da ke bakin aji. Ta murtsuke shi a tafin hannu, ta nuna mata ruwan da ya fito da ɗan zare-zaren da ya rage. Ta bayyana mata cewa wannan zare-zaren shi ne yake cika ciki, yake kuma sa bayan gida ya fita da sauƙi. Idan aka busar da ganye aka niƙa, ruwan ya tafi, wasu sinadaran ma sun ragu. Cokali ɗaya kuma ba zai taɓa yin aikin kwano guda na kwaɗon rama ba.

Yarinyar ta ce, "Malama, to ai kuka ma gari ce."

Malama ta yi murmushi ta ce, "Gaskiyarki. Kuka tana da amfani, kuma iyayenmu sun yi dabara da suke busar da ganye don lokacin da babu ɗanye. Amma kin taɓa ganin kakarki ta bar lambu ya mutu don tana da kuka a tulu?"

Ta girgiza kai.

Ranar Laraba Kaka ta dawo, ƙanwarta ta sami sauƙi. Tun kafin Kaka ta sha ruwa, jikarta ta durƙusa a gabanta ta faɗi duk abin da ta yi. Ba ta ɓoye komai ba, har da lissafin iri talatin da iri biyar.

Kaka ta ajiye kofin ruwa. Ta miƙe ta nufi lungun, yarinyar tana bin ta a baya. Ta tsuguna a gaban buhuna ukun na gefe. Biyu sun mutu murus. Kaka ta shafa su a hankali, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta sa farce ta ɗan kankare karan na ukun. Cikinsa kore ne.

Ta ce, "Wannan yana da rai. Ruwan da kika zuba daga baya shi ya riƙe shi. Miƙo min wuƙa."

Yarinyar ta tsaya tana kallon hannun Kaka. Kaka ta datse duk reshen da ya mutu. Ta sassauta ƙasar da ɗan tsinke don ruwa ya ratsa. Ta rufe gindin da ɓawon gyaɗa, ta kafa sanduna ta ɗaura tsohon buhu ya yi inuwa. Ba ta duba littafi ba, amma ta san abin da kowace shuka take so.

Ramar da yakuwar kuwa sun tafi gaba ɗaya. Kaka ta ce wa jikarta ta je gidan Maman Patience, wata Bagwariya da ke bayan layinsu, ta gaishe ta, ta ce Kaka tana roƙon irin rama da yakuwa. Ashe bara Kaka ta ɗiba mata daga nata.

Maman Patience ta yi dariya da ta ji saƙon. Ta ce ai kayan Kaka ne za su koma gida. Ta ƙulla mata irin a takarda, ta kuma cika mata kwando da ɗanyen ganye, ta ce a kai wa mai shayarwa.

Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara tsallake ban ruwa ba. Baba ya haɗa mata 'yar kurar tura jarka da tsohuwar tayar keke, Ɗalha kuma yana taya ta turawa. Bayan mako uku alayyafon ya sake fure, ya yi iri. Gwangwanin kuwa Mama ta kai asibiti ta nuna wa ma'aikaciyar lafiya. Aka ce Baba zai iya shan cokali ɗaya idan yana so, amma ita da yara su ci ganyensu.

Da Malama Helen ta ji yadda aka ceto lambun, sai ta roƙi Kaka ta zo makaranta. Ranar Alhamis Kaka ta tsaya a gaban 'yan aji shida, ita da ba ta taɓa zama a benci ba. Ta koya musu yadda ake huda buhu, da yadda ake gauraya ƙasa da taki, da lokacin da ya dace a yi ban ruwa. Malama ma ta zauna a gefe tana rubutawa. Yarinyar tana riƙe wa Kaka buhu, tana jin kamar ta gaya wa kowa cewa wannan kakarta ce.

Da aka gama, Malama ta tambayi yarinyar abin da ta koya. Ta miƙe ta ce, "Na koyi cewa garin gwangwani ba ya zama a madadin ɗanyen ganye. Na koyi in karanta abu har ƙarshe kafin in yarda da shi. Kuma idan aka ba ni amana, in riƙe ta ko da na gaji."

Kaka ta gyaɗa kai ta ce, "Allah ya yi miki albarka." 'Yan aji suka ce amin, sannan kowa ya ɗauki buhunsa ya fara zuba ƙasa.