Sallar Akuya

A can wani gari, tun zamanin da, an yi wata mata gwanar suyar dublan. Kowa na yabon hannunta, ban da ita kanta.

Da Sallah ta matso, ta ɗora kasko. Ta tsamo na farko, ta jujjuya shi, ta ce wa kanta, "Dubi karkata! Ke dai ba ki iya komai ba. Wannan ba na Sallah ba ne." Ta jefa wa akuya.

Na biyu ya ɗan yi ja. "Wannan ba na Sallah ba ne." Ta jefa wa akuya. Na uku ba shi da aibi, amma ta zuba masa ido har sai da ta samo masa. Akuya kuwa ko ɗaya ba ta kushe ba.

Yayarta ta leƙo ta ce, "Sannu da hidima, ƙanwata. Allah ya sa akuyar ta gode."

Ranar Sallah maƙwabciya ta kawo kwano cike da dublan, wani a karkace, wani a ƙone. Gwana ta ɗanɗana, ta ƙara, har ta cinye tas. Sannan ta tuna ba a mayar da kwanon Sallah wayam. Ta duba, fulawa ta ƙare, mai ya ƙare.

Maƙwabciya ta dawo ta ce, "Ina namu, gwana? Yara sun ƙi cin nawa, naki suke jira."

Gwana ta sunkuyar da kai. Yayarta ta nuna akuya, tana kwance tana tuƙa, ciki ya yi tim, ta ce wa maƙwabciya:

"Ga mai Sallar can. Je ki yi mata barka."