Zanen Mama da Rigar Auta

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, kowa a gida Yaya yake ce mata. Tana da ƙane ɗaya, Auta, wanda bai isa shiga makaranta ba. Mamansu ta rasu bara. Tun daga nan Gwaggo, yayar Babansu, ta dawo gidan tana kula da su.

Mama ta bar wani gwangwani cike da allura da zare da maɓallai. Wata rana Yaya ta ɗauko shi daga saman kabad.

"Gwaggo, ina so in koyi ɗinki," in ji ta. "Sai dai ba mu da keke."

"Keke kuma?" Gwaggo ta yi dariya. "Ke da ko zare ba ki iya zurawa ba? Miƙo hannunki in gani. To, ga kekenki nan, ba sai an saya ba."

Gwaggo ta yago tsumma daga wani tsohon zanen gado. Ta ja layi da alli, ta ce Yaya ta bi shi da allura. Yaya ta bi, ta kawo mata.

"Wannan layin naki ai kamar akuya ce ta ɓace hanya," in ji Gwaggo. "Warware ki sake."

Kullum haka. Ta ɗinka, ta warware. Yaya ta fara gajiya.

"Ni wai yaushe zan ɗinka riga?"

"Ranar da tsumma ya daina kuka da ke."

Shi kuwa Auta yana da wani zane shuɗi mai fararen furanni. Zanen Mama ne. Ba ya barci sai ya damƙe bakinsa a hannu. Duk inda za shi a cikin gida, yana jan sa a ƙasa.

Yaya ta ce a ranta, "Da zan mayar masa da shi riga, ai kullum yana jikinsa. Kuma Gwaggo za ta san na iya."

Ranar Asabar Gwaggo ta tafi kasuwa. Baba yana wurin aiki. Auta yana wasa a gidan maƙwabta. Yaya ta shimfiɗa zanen a tsakar ɗaki. Ta ɗora wata rigar Auta a kai, ta zagaye ta da alli daidai wa daida. Sannan ta sa almakashi.

Ta yi ta ɗinki har yatsanta ya yi ja. Da Auta ya shigo, ta ɓoye rigar a bayanta.

"Rufe idonka, ɗaga hannu."

Ta zura masa rigar. Kai ya ƙi wucewa. Ta ja, rigar ta maƙale a kunnuwansa. Ta ƙara ja, sai ɗinkin kafaɗa ya ɓarke.

Auta ya fizge rigar ya duba. Ya dubi guntayen da ke zube a ƙasa.

"Yaya, ina zanen Mama?"

Auta ya zauna dirshan ya fashe da kuka. Gwaggo ta dawo ta yi ta lallashi, ya ƙi shiru. Ya ƙi cin abinci, ya ƙi barcin rana.

Da Baba ya dawo, ya ɗauki wani guntu ya daɗe yana kallonsa.

"Wa kika tambaya kafin ki yanka?"

"Ba kowa, Baba."

"Na san alheri kika nufa. Amma zanen nan ba naki ne ke kaɗai ba. Shi ne abin da Auta yake riƙewa ya ji Mamansa kusa."

Hawaye ya zubo wa Yaya. "Ka yi haƙuri, Baba. Auta, ka yi haƙuri."

Gwaggo ta jawo ta jikinta. Ta ɗaga rigar tana juya ta.

"Kin ga, rigar da kika auna da ita mai talewa ce. Zane kuwa ba ya talewa. Kuma ba ki bar rara ba. In za a yanka, sai a bar faɗin yatsa biyu, don ɗinki ma yana cin yadi."

"Gwaggo, za a iya mayar da shi zane?"

"A'a, 'yata. Abin da almakashi ya raba ya rabu. Amma mu tambayi mai kaya." Ta juya wurin Auta. "Ranka ya daɗe, me kake so a yi maka?"

Auta ya ja majina. "Abin da zan riƙe."

Sai suka shirya yi masa ƙaramin matashin kai. Wannan karon Yaya ce da kanta ta ce, "Bari in fara gwadawa a tsumma." Ta gwada, ta warware, ta sake. Da layin ya miƙe, suka haɗa guntayen zanen. Gwaggo tana riƙewa, Yaya tana ɗinkawa. Suka cusa audugar wani tsohon matashi a ciki. Auta yana tsugune yana gadi.

"Ki bar mini wutsiya," in ji shi.

Yaya ta ɗinka wani dogon ƙyalle a gefe ɗaya. Auta ya karɓa ya shinshina. Ya naɗe wutsiyar a yatsunsa, ya kwanta a kan tabarma.

"Akwai Mama a ciki," ya ce. Kafin Baba ya amsa, barci ya ɗauke shi.

Daga ranar Yaya ta koyi abu biyu. Ba ta taɓa kayan wani sai ta tambaya. Kuma mai koyo a tsumma yake farawa, ba ya gaggawar ɗaukar almakashi.