Kafinta a Bayan Majami'a

A majami'a cewa ake Kafinta ya zama wani mutum daban. Matan zumunta suna cewa tun da ya dawo ko ƙuda bai kora da ƙarfi ba. Surukarsa kuwa kullum zancenta ɗaya: "Yaron nan ya yi hankali, sai dai ya rame kamar ƙusa."

In Maman Biyu ta ji haka sai ta haɗiye tsaki. Ai ba su ke aurensa ba!

Shekara biyu ya yi yana bin kwalba da wata mace, ya bar ta da 'yan biyu suna rarrafe. Wata bakwai ke nan da dawowarsa. Ya durƙusa gaban fasto, ya durƙusa gaban mahaifinta, ita kaɗai ce bai yarda sun haɗa ido ba. Maimakon magana sai aiki. Ya canza ƙofar kicin, ya sake ƙafar gado, gadon da ya ƙi hawa, don a shago yake kwana cikin garin katako. Har kujera lafiyayya ta taɓa kama shi yana kwancewa don ya sake haɗa ta.

Ta yi haƙuri har haƙurin ya fara yi mata ɗaci. Ta ƙudura a ranta, in aka ƙara wata ɗaya a haka, gidansu za ta koma.

Ran Lahadin Jibin Ubangiji, fasto na yaye farin ƙyalle daga kan teburi, ta waiga bencin baya. Wayam! Ya sulale, kamar kowane wata.

Ta miƙa wa mahaifiyarta yaran, ta bi shi. A bayan ginin ta same shi, yana ɗaure sakatar taga da sukundireba.

"Baban Biyu! Wa ya aike ka?"

Ya zabura. "Na ga tana rawa ne..."

"Ranar Lahadi ma da sukundireba a aljihu? Ajiye!"

Ya ajiye, idonsa a ƙasa.

"Me ya fito da kai?"

"Ban isa ba. Irina ba ya miƙa hannu a teburin nan."

"To su wa ke miƙawa? Mala'iku? Leƙa ka gani mana! Ga mai rubuta wa majami'a wasiƙun tsegumi can, ga shugabar mawaƙa mai bakin reza, ga ni nan da na taɓa roƙon Allah ya karya maka ƙafa!"

Ya ɗago da sauri. "Ƙafa?"

"Duka biyun! Kuma na tuba, na ci, ban mutu ba."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, sai hawaye suka riga ta. "Ba ki san abin da na aikata ba..."

"Ni ce ban sani ba? Ni da na wanke rigarka da turaren wata a jiki?" Ta matso kusa da shi. "Ka roƙi Ubangiji gafara ko ba ka roƙa ba?"

"Kullum."

"Kullum! Sau nawa kake so Yesu ya hau gicciye saboda kai kaɗai? Ya gama aikinsa, kai kuma kana binsa da guduma wai za ka ƙarasa masa!"

A ciki an fara waƙa a hankali, ana jin takun masu zuwa gaba.

"Kina ganin... da gaske ya karɓe ni? Haka nan, ban yi komai ba?"

"Haka nan, masoyina. Da sai an yi wani abu, da babu kowa a cikin ɗakin can." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Shi ya gama da kai tuntuni. Ni ce nake jira. Ni ba ƙofa nake so ba, ba kujera ba. Mijina nake so, mai baki!"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya ja dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka, ya dube ta ido cikin ido, karon farko cikin wata bakwai.

"Na cuce ki, abar ƙaunata. Na cuci yaranmu. Don Allah... ki yafe mini."